Yadda Ake Saita Na'urorin Tashar Sadarwa Don Shiga Cikinsu Daga Nesa

Rautar da ke kan tebur, idan saitinta ya lalace, sai mutum ya miƙa hannu ya danna maɓallin da ke bayanta ya sake farawa. Rediyon da ke saman hasumiyar sadarwa kuwa, kafin a taɓa shi sai an yi tafiya, an nemi mabuɗin wurin, an ɗaura bel ɗin tsaro an hau, kuma duk tsawon wannan lokaci masu amfani da tashar suna zaune babu intanet. Saboda haka ne ake saita waɗannan na'urori ta yadda injiniya zai iya shiga cikinsu daga inda yake. Aikin yana da buƙatu uku da suke jan juna: kai ka samu shiga a kowane lokaci, wanda ba shi da izini ya kasa shiga, sannan kuskuren da kai da kanka za ka yi wata rana kada ya rufe ka a waje. Yawancin masu saitawa suna kula da na farko, wasu suna tunawa da na biyu, amma na uku shi ne ya fi sa mutane hawa hasumiya ba shiri.

Bayanin da ke tafe ya shafi rediyoyin da ke raba intanet ga masu amfani da waɗanda ke haɗa hasumiya da hasumiya, irin na kamfanonin Ubiquiti da MikroTik da Cambium, tare da rauta da suwic da ake ajiyewa a akwatin da ke gindin hasumiya. Tashoshin wayar salula na manyan kamfanoni suna da tsarin gudanarwa na musamman daga masu ƙera su, sai dai tushen aikin ɗaya ne: ana ware hanyar gudanarwa daban da ta masu amfani, ana kuma sakaya bayanan da ke bi ta cikinta.

Kafin a hau da na'urar

Duk saitin da ya shafi shiga daga nesa a gama shi a ƙasa, na'urar tana kan tebur, kebul ɗinta yana haɗe da kwamfutarka. Rediyon Ubiquiti mai manhajar airOS yana zuwa da adireshin 192.168.1.20, kuma a tsofaffin samfura sunan shiga da kalmar sirri duka ubnt ne. Yawancin na'urorin MikroTik suna zuwa da 192.168.88.1 da sunan admin, tsofaffinsu ma babu kalmar sirri ko kaɗan. Waɗannan bayanai suna cikin littafin kowace na'ura, wato duk duniya ta san su. A shekarar 2016 muguwar manhajar nan ta Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci ba tare da wata dabara mai zurfi ba, tana dai bi ne tana gwada sunaye da kalmomin sirri na asali kimanin 60 a kan ƙofar Telnet, wata tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa. Don haka aikin farko shi ne ka sauya kalmar sirri, inda na'urar ta yarda kuma ka ƙirƙiri sabon asusu ka kashe na asalin.

Bayan haka ka sabunta manhajar na'urar zuwa sigar da kamfanin ya tabbatar da ingancinta, domin sabuntawa daga nesa tana da haɗarin da babu shi a kan tebur. Ka ba na'urar suna mai ma'ana da ke nuna hasumiyar da ɓangaren da eriyarta ke fuskanta, ka rubuta adireshin MAC ɗinta, wato lambar shaidar da take zuwa da ita daga masana'anta, da lambar ƙofar suwic da za a saka ta a ciki. Wannan rubutu yana kama da ɓata lokaci, har sai ranar da rediyo ɗaya cikin shida ya daskare, kana so ka yanke masa wuta daga nesa, ba ka san wace ƙofa ce tasa ba.

Ware hanyar gudanarwa

Kuskuren da ya fi yawa a ƙananan hanyoyin sadarwa shi ne a bar adireshin gudanar da rediyo a cikin rukuni ɗaya da adiresoshin masu amfani. Idan aka yi haka, duk wanda ya haɗu da tashar yana iya buɗe shafin shiga na rediyon ya yi ta gwada kalmomin sirri. Maganin shi ne a ware VLAN guda don gudanarwa kaɗai, wato hanya ta daban mai lambarta wadda ke bi ta kebul da suwic ɗin da ake da su. Ƙa'idar 802.1Q, wadda ke tsara VLAN, ta ba da lambobi daga 1 zuwa 4094. Ka zaɓi wadda kake so, amma ka guji lamba 1 domin ita ce ta asali a kusan kowane suwic. Sannan ka ɗauki adiresoshi daga rukunan da aka keɓe don amfanin cikin gida, wato 10.0.0.0/8 ko 172.16.0.0/12 ko 192.168.0.0/16. A ganina rukunin 10 ya fi dacewa, saboda yana da faɗin da za ka sa lambar hasumiya a cikin adireshin, misali 10.90.7.0/24 ga hasumiya ta bakwai, ya kuma fi wuya ya yi karo da 192.168.0.0 ko 192.168.1.0 da rautocin gidaje suka saba amfani da su. Wannan karo yana da muhimmanci, domin idan hanyar da kake zaune a kai tana da rukuni iri ɗaya da na hasumiya, kwamfutarka za ta nemi rediyon a cikin ɗakin da kake maimakon ta bi ta VPN, wato ɓoyayyiyar hanya mai sakaya bayanai da ake shimfiɗawa a kan intanet.

Kowace na'ura a ba ta adireshi tsayayye da hannu, kada a dogara da DHCP, tsarin da ke raba adiresoshi da kansa, domin ranar da sabar DHCP ta tsaya ita ce ranar da ka fi buƙatar shiga. Kada kuma ka manta da saka adireshin mashiga, wato rautar da na'urar za ta miƙa wa duk saƙon da zai fita daga rukuninta. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe, saboda rediyon da ke aiki a matsayin gada yana wuce da bayanan masu amfani lafiya lau ko da ba shi da mashiga, kuma a kan tebur yana amsa maka tunda kuna rukuni ɗaya. Sai an ɗora shi a sama, ka koma ofis, sannan ka ga saƙonka yana isa gare shi amma bai san hanyar da zai maido maka da amsa ba.

Wajen kunna VLAN ɗin akwai tsarin da ya kamata a bi. Da farko ka ƙara lambar a kan rauta da kowane suwic da ke tsakani, ka tabbatar ta wuce ta duk ƙofofin da ke ɗauke da VLAN da yawa, sai a ƙarshe ka kunna ta a kan rediyon. Da zarar ka kunna, rediyon zai daina amsa saƙon da ba ya ɗauke da wannan lamba, har daga kwamfutar da ke haɗe da shi kai tsaye. Saboda haka yana da kyau ka bar ƙofa guda a suwic ɗin hasumiya wadda take cikin VLAN ɗin gudanarwa ba tare da buƙatar lamba ba, domin ma'aikacin da ya je wurin ya saka kebul ya shiga.

Shiga ta VPN

Hanya mafi sauƙi ta isa ga na'ura daga nesa ita ce a buɗe mata ƙofa a kan adireshin fili na rauta, wato wanda ake iya isa gare shi daga intanet, kuma ita ce hanyar da bai kamata a bi ba. Akwai manhajoji da ke zagaye dukkan adiresoshin intanet dare da rana suna neman ƙofofin da ke buɗe, sauya lambar ƙofar SSH, hanyar shiga na'ura ta layin umarni, daga 22 zuwa wata kuwa yana rage hayaniya ne kawai a rajista, ba ya ɓoye ta. Kalmar sirri mai ƙarfi ma ba ta isa ba idan ɓarakar tana cikin manhajar kanta. A watan Afrilun 2018 aka gano wata ɓaraka a WinBox, manhajar gudanar da na'urorin MikroTik, mai amfani da ƙofa 8291, wadda ta ba masu kutse damar karanta fayil ɗin asusun shiga ba tare da sun san kalmar sirri ba. Kamfanin ya toshe ta a siga 6.42.1 ta RouterOS, manhajar da ke cikin na'urorinsa, amma na'urorin da ba a sabunta ba, masu wannan ƙofa a buɗe ga duniya, su ne aka yi ta mamayewa bayan haka. Wanda ya rufe ƙofar daga waje tun farko ya samu lokacin sabuntawa a tsanake.

Tsarin da ya dace shi ne hanyar VPN guda tsakanin rautar hasumiya da wata saba ko rauta ta tsakiya mai adireshin fili tsayayye. Cikin hanyoyin kafa VPN, IPsec da OpenVPN duk suna aiki, amma WireGuard ya fi sauƙin saitawa, yana cikin Linux tun siga 5.6 a 2020, yana kuma cikin RouterOS 7. Kowane ɓangare yana ƙirƙirar makullai biyu, na sirri wanda ba ya barin na'urar, da na fili wanda ake bai wa ɗaya ɓangaren. A kan sabar tsakiya ka buɗe ƙofar UDP guda, yawanci 51820, ka shigar da makullin fili na rautar hasumiya, sannan a gurbin AllowedIPs ka rubuta adireshin rautar a cikin VPN tare da rukunin gudanarwa na wannan hasumiya kaɗai. A kan rautar hasumiya kuma ka saka makullin fili na sabar da adireshinta, ka rubuta rukunin kwamfutocin injiniyoyi. Kada ka rubuta 0.0.0.0/0 a wannan ɓangare sai idan da gangan kake so dukkan zirga-zirgar hasumiyar ta bi ta sabar, domin a tsarin da ke gina hanyoyi daga wannan gurbi, abin da zai faru ke nan.

Rautar hasumiya ce ya kamata ta fara kiran sabar. Dalili shi ne hasumiyoyi da yawa ba su da adireshin fili. Idan ka duba ka ga adireshin da mai ba ka intanet ya ba ka yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kana bayan NAT na kamfanin, wato kana raba adireshin fili ɗaya da wasu, kuma babu kiran da zai same ka daga waje. Amma kiran da ya fita daga ciki yana buɗe hanyar dawowa na ɗan lokaci, shi ya sa ake saita PersistentKeepalive zuwa daƙiƙa 25 don hanyar ta kasance a buɗe ko babu wanda ke aiki.

Abubuwa biyu suna yawan ruɗa mutane a nan. Na farko shi ne girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa a lokaci guda: WireGuard yana ƙara nasa bayani a kan kowane fakiti, don haka girman da aka saba sawa shi ne bayit 1420, kuma idan layin yana bi ta PPPoE, irin haɗin da ake shiga da suna da kalmar sirri, ko hanyar salula yana iya buƙatar a rage. Alamar matsalar ita ce ɗan saƙon gwaji na ping yana tafiya, SSH yana buɗewa, amma shafin gudanarwa ya tsaya rabi bai ƙarasa lodi ba. Na biyu shi ne agogo. Na'urori da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, idan wuta ta ɗauke ta dawo sai su farka da tsohuwar rana, WireGuard kuwa yana ƙin gaisuwar da lokacinta ya gaza na wadda ya riga ya karɓa daga wannan makulli, domin yana ɗaukarta maimaici ce ta mai kutse. Saboda haka sabar NTP da rautar hasumiya za ta nemi lokaci daga gare ta dole ta kasance wadda ake isa gare ta ba ta cikin VPN ba, in ba haka ba VPN zai jira agogo, agogo kuma ya jira VPN.

Manhajojin gudanarwa na kamfanoni, kamar UISP na Ubiquiti da cnMaestro na Cambium, su ma na'urar ce ke kiransu daga ciki, shi ya sa suke aiki a bayan NAT. Suna da amfani ƙwarai wajen lura da na'urori masu yawa, amma asusu guda a cikinsu yana riƙe da dukkan hasumiyoyinka, don haka dole a kunna masa tantancewa mai mataki biyu.

Rufe abin da ba a buƙata

Bayan VPN ya tsaya da ƙafafunsa, sai ka bi kowace na'ura ka kashe Telnet da FTP da HTTP, domin dukkansu suna aika kalmar sirri a fili, ka bar SSH a ƙofa 22 da HTTPS a 443. A MikroTik jerin yana ƙarƙashin IP sannan Services, inda kowace hidima take da gurbin rubuta adiresoshin da aka yarda su shigo; a can ma ka taƙaita shiga ta adireshin MAC da hidimar gano maƙwabta zuwa ɓangaren gudanarwa kawai. A Ubiquiti hidimar gano na'urori tana amfani da UDP 10001, ita ma kada ta leƙa waje. SSH a yi shi da makulli maimakon kalmar sirri inda na'urar ta yarda.

Kowane ma'aikaci ya samu asusunsa, mai lura kawai a ba shi izinin karatu, domin idan kowa yana shiga da asusu ɗaya ba za a san wanda ya sauya abu ba, kuma ranar da wani ya bar aiki sai an sauya kalmar sirri a kowace na'ura. Idan na'urorin sun yi yawa, sabar RADIUS tana tattara asusun a wuri guda, sai dai ka bar asusu ɗaya na cikin na'urar mai doguwar kalmar sirri da aka adana, saboda lokacin da layi ya yanke na'urar ba za ta iya tambayar RADIUS ba.

Dokokin katangar tsaro, wato firewall mai tace saƙonnin da za su shiga na'ura, ana karanta su ne daga sama zuwa ƙasa, dokar farko da ta dace ita ke aiki. Ka fara da wadda ke karɓar haɗin da ya riga ya kafu, sai wadda ke barin rukunin injiniyoyi, sai a ƙarshe wadda ke watsar da saura. Wanda ya fara rubuta dokar watsarwa da niyyar ƙara ta izini daga baya ba zai samu damar rubuta ta biyun ba.

Sauya saiti ba tare da ka rufe kanka ba

Duk sauyin da za ka yi daga nesa yana bi ne ta kan layin da kake sauyawa, don haka ka ɗauka kowanne yana iya yanke ka. Ka sauke kwafin saitin kafin ka taɓa komai, sannan ka yi amfani da dabarar komawa baya da na'urar take da ita. A RouterOS sunanta Safe Mode, ana kunna ta da maɓalli a WinBox ko da Ctrl da X a layin umarni. Idan haɗinka ya yanke ba tare da ka fita daga yanayin ba, rautar za ta warware sauye-sauyen da kanta, ko da yake tana iya ɗaukar kusan minti 9 kafin ta tabbatar ka ɓace. A airOS akwai maɓallin Test, wanda ke aiki da sabon saiti na daƙiƙa 180, idan ba ka tabbatar ba ya koma na da. Na'urorin kamfanin Juniper suna da umarnin commit confirmed mai jiran minti 10, a na Cisco kuwa ana ba da umarnin reload in kafin a fara, ba a adana saitin sai an ga komai daidai, sannan a soke sake farawar.

Idan sauyin ya shafi layin rediyo tsakanin hasumiya biyu, kamar sunan layin, wato SSID, ko kalmar sirrin layin ko faɗin zango, ka fara da ɓangaren da ya fi nisa da kai. Da ka sauya shi layin zai yanke, sai ka sauya na kusa wanda har yanzu kana iya isa gare shi, layin ya dawo. Idan ka fara da na kusa, na nesa ya tafi ke nan da tsohon saitinsa. Haka ma a tashar da ke da masu amfani da yawa, rediyoyinsu ake fara sauyawa, na hasumiya ya zo a ƙarshe.

Akwai wani tarko a zangon 5 GHz da ya kamata a sani. A mitocin da ake rabawa da na'urorin rada, doka ta wajabta wa rediyo ya saurara na daƙiƙa 60 kafin ya fara watsawa, a Turai kuma tsakanin 5600 da 5650 MHz, inda radar hasashen yanayi take, sauraron yana kai minti 10. Wato idan ka koma irin wannan mita da maɓallin Test, daƙiƙa 180 za su iya ƙarewa kafin layin ya tashi, saitin ya koma na da, kai kuma ka zaci kuskure ka yi. Ka kuma duba jerin mitocin da rediyon nesa yake dubawa, domin idan sabuwar mitar ba ta ciki ba zai taɓa samun tashar ba.

Yawancin waɗannan na'urori suna da mai gadi da ke aika ping zuwa wani adireshi, idan amsa ta daina zuwa ya sake kunna na'urar. Yana da amfani, amma ka nuna masa adireshi na kusa mai tabbas kamar rautar hasumiya, ka kuma ba shi jinkirin farawa na mintuna da dama, wanda ya fi lokacin sauraron rada tsawo. Idan jinkirin ya yi gajere, na'urar za ta riƙa sake farawa kafin layin ya kafu, ba za ka samu sararin shiga ka gyara ba.

Hanya ta biyu da gwaji

Duk abin da aka bayyana yana aiki ne muddin babban layin hasumiyar yana raye. Ga hasumiya mai muhimmanci, ƙaramar rauta mai katin SIM, wadda ke kan batirin wurin kuma take da nata VPN zuwa sabar tsakiya, tana ba ka damar shiga lokacin da babban layin ya mutu, ka ga ko wuta ce ta ɗauke ko rediyo ne ya daskare. Idan suwic ɗin yana ba da wuta ta kebul kuma ana iya sarrafa shi, kashe wutar ƙofa guda da maido ta yana farfaɗo da rediyon da ya daskare, sai dai ka tabbatar ba ƙofar da kake shigowa ta cikinta ba ce. Ka lura kuma da irin wutar, domin rediyoyin Ubiquiti da yawa suna amfani da volt 24 da ake turawa ba tare da tantance na'urar ba, wanda ya bambanta da 802.3af, ƙa'idar ba da wuta ta kebul.

Don lura da lafiyar na'urori ka yi amfani da SNMP siga ta 3 mai sakaya bayanai. Idan na'urar ba ta wuce siga 2c ba, ka sauya kalmar shiga ta asali, wato public, ka bar izinin karatu kawai, ka taƙaita shi ga sabar lura. Rajistar abubuwan da suka faru a tura ta zuwa sabar syslog ta UDP 514, domin wadda ke cikin rediyo takan goge idan ya sake farawa, alhali ita ce za ta gaya maka dalilin faɗuwarsa.

Gwajin ƙarshe a yi shi tun ma'aikaci yana wurin. Ka fita daga hanyar hasumiyar gaba ɗaya, ka hau intanet na wani layi, ka kunna VPN ka shiga kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya. Sai ka kashe VPN ka binciki adireshin fili na rautar da manhaja irin nmap, ka tabbatar babu ƙofar gudanarwa da ke amsawa, sannan ka haɗu da tashar a matsayin mai amfani ka ga ko shafin shiga na rediyon zai buɗe maka. Daga nan ma'aikacin ya yanke wutar akwatin baki ɗaya ya maido ta, kai kuma ka riƙe agogo ka ƙirga mintunan da VPN zai ɗauka kafin ya dawo da kansa. Sai ya cire kebul ɗin babban layi, ka shiga ta rautar SIM, ka sauke kwafin saitin kowace na'ura ka rubuta kwanan wata a jikinsa, sannan ka ce masa ya kulle akwatin ya taho.